Kathak, Rawar Fadar Arewacin Indiya: Tambayoyi da Amsoshi

Wanda duk ya taso yana kallon finafinan Indiya ya taɓa ganin Kathak, ko da bai san sunanta ba. Ita ce rawar nan da ake yi a zauren sarki, mace sanye da doguwar riga mai buɗewa, ƙafafunta ɗaure da ƙananan ƙararrawa, tana juyi har rigar ta baje. Sai dai abin da fim ke nunawa ɗan tsakure ne kawai.

Mece ce Kathak, kuma ina ne gidanta?

Tana cikin raye-rayen gargajiya 8 da Sangeet Natak Akademi, wato hukumar kiɗa da rawa da wasan kwaikwayo ta ƙasar Indiya, ta amince da su a matsayin masu tsari da ƙa'ida. Rabinsu na kudu ne, kamar Bharatanatyam ta Tamil Nadu da Kathakali ta Kerala, wasu na gabas. Kathak ce kaɗai ta arewa, kuma cibiyoyinta su ne biranen Laknau da Banaras a jihar Uttar Pradesh, da Jaifur a Rajasthan. Kada kamannin suna ya rikita mai karatu: Kathak daban, Kathakali daban. Maza da mata duk suna yin ta.

Daga ina ta samo asali?

Labarin da malaman rawar ke ba almajiransu shi ne, a da can akwai masu yawo gari-gari suna ba da labaran addinin Hindu a wuraren bauta, musamman labarin Krishna, ɗaya daga cikin abubuwan bautarsu, suna haɗawa da waƙa da nuni da hannu. Su ake kira kathak, kuma daga gare su rawar ta gaji sunanta.

Masana tarihi ba su haɗiye wannan labari ɗungurungum ba. Margaret Walker, wata malamar jami'a a Kanada da ta bi diddigin tsofaffin rubuce-rubuce, ta nuna cewa rawar da muke gani yau ta haɗu ne daga hanyoyi da dama a ƙarni na 18 da na 19, sannan aka yi mata tsari na zamani a ƙarni na 20. Wannan bayani ya fi kwanta mini a rai, domin jikin rawar da kansa yana ba da shaida: akwai ibadar Hindu a ciki, akwai kuma ladabin fadar Musulmi.

Me ya haɗa ta da sarakunan Musulmi?

Daular Mugal ta Musulmi ta kafu a Indiya a 1526, kuma fadojinta sun tara makaɗa da mawaƙa da 'yan rawa, har da al'adun Farisa. Da daular ta yi rauni, sai masu sana'ar suka watsu zuwa fadojin ƙananan sarakuna. Mafi shahara a cikinsu shi ne Wajid Ali Shah, sarkin Awad na ƙarshe, wanda ya yi mulki a Laknau daga 1847 zuwa 1856. Shi Musulmi ne, amma yana shirya wasannin labarin Krishna a fadarsa, yana tsara waƙa, ya kuma koyi rawar da kansa. Turawan Ingila suka tuɓe shi a 1856, ya ƙarasa rayuwarsa a Kalkata, inda ya rasu a 1887.

Alamun wannan zama suna nan har yau. Akwai wani sashe na rawar da ake kira salami, inda mai rawa ke ɗaga hannu zuwa goshi ya gaida jama'a irin gaisuwar fada. Doguwar rigar nan da matsattsen wando ma tufafin fadar Mugal ne.

To, ita rawar yaya ake yin ta?

A nan ne abin yake. Kathak rawa ce da ake saurara kafin a kalla. Mai rawa yana tsaye ne a miƙe, ba ya yin rabin tsugunno irin na Bharatanatyam. Ƙafa babu takalmi, kuma a kowane idon sawu an naɗe igiya mai ɗauke da ƙananan ƙararrawa na tagulla, ghungru, waɗanda kan kai 100 ko fiye ga wanda ya ƙware. Da tafin ƙafa da diddige yake buga ƙasa, wannan bugun shi ne tatkar. Gwani yana iya sa ƙararrawar duka su ɗauka lokaci guda, ya kuma rage su har sai ka kasa kunne kafin ka ji.

Kiɗan yana tafiya ne a zagaye. Wanda aka fi amfani da shi shi ne tintal, mai bugu 16, an kasa su huɗu-huɗu. Mai sarangi, wata irin goge ta can, ko mai harmoniya, yana ta maimaita ɗan gajeren sauti ɗaya don riƙe lissafi, mai gangar tabla kuma yana tare da mai rawa. Bugun farko na zagayen shi ake kira sam, kuma komai nisan da mai rawa ya yi, komai yadda ya karkasa bugun, dole ya sauka a kan sam daidai, ya tsaya cak. Sau da yawa yakan rufe da tihai, wato ya maimaita salo ɗaya sau uku, na ukun ya faɗa a kan bugun farko. Idan ya dace, sai ka ji zauren ya ɗauka da "wah!" Idan ya kuskure da ƙiris, masu kunne sun ji.

Abin da ya fi burge ni shi ne, kafin ya taka, mai rawa yakan tsaya ya furta kiɗan da baki, da gaɓoɓi irin su "ta thei thei tat", yana tafi yana ƙirga, sannan ƙafa ta maimaita abin da baki ya faɗa. A wurinmu kalangu ne ke kwaikwayon maganar mutum. A can mutum ne ke kwaikwayon maganar ganga. Wani lokaci mai tabla ya jefo salo, mai rawa ya amsa da ƙafa nan take, ba tare da an shirya ba.

Sai juyin da aka san ta da shi, chakkar, wanda ake yi a kan diddige, ɗaya bayan ɗaya, shi ma a ƙirge yake. Ana farawa a hankali, a ƙara sauri, a ƙare da gudu.

Ina ba da labarin ya shiga?

Yana nan a sashen da ake kira abhinaya. Da ido da gira da hannu, mutum ɗaya zai zama Krishna mai sarewa, ya juya rabin juyi ya zama Radha, masoyiyarsa, tana jan mayafi. Gwanayen Laknau kan zauna a ƙasa, su ɗauki baiti ɗaya na thumri, wata irin waƙar soyayya, su yi ta fassara shi da fuska ta hanyoyi iri-iri.

Me ake nufi da gharana?

Gida ne na gado, mai salonsa. Gidan Laknau an san shi da taushi da iya nuni. Gidan Jaifur, wanda ya girma a fadojin Rajput, wato sarakunan Hindu na Rajasthan, ƙarfin ƙafa da yawan juyi ne nasa. Na uku shi ne Banaras, inda shahararriyar 'yar rawa Sitara Devi ta fito. A Laknau, 'yan'uwa biyu, Bindadin da Kalka Prasad, su suka kafa gidan da kyau, kuma jikan Kalka shi ne Birju Maharaj, wanda ya kai Kathak ƙasashen duniya kafin rasuwarsa a Janairun 2022.

An ce rawar ta taɓa zama abin kunya. Gaskiya ne?

Gaskiya ne. A ƙarni na 19, mata da ake kira tawaif su ne suka riƙe babban rabo na waƙa da rawar fada. Mata ne masu ilimin waƙa da iya zance, har manyan gari kan tura 'ya'yansu maza wurinsu koyon ladabi. Da fadoji suka rushe, abincinsu ya yanke. Daga wajen 1892 kuma, 'yan mishan da wasu 'yan boko na Indiya suka tayar da gangamin yaƙi da irin wannan rawa, aka yi wa matan kuɗin goro aka kira su karuwai.

Da aka zo farfaɗo da rawar daga shekarun 1930, 'ya'yan manyan gida suka shigo, aka koma wurin malamai maza na gado, aka kafa makarantu irin su Kathak Kendra a Delhi a 1964. Rawar ta tsira, amma jerin sunayen da ake karanta wa almajirai kusan duk na maza ne. A ganina an ci hakkin matan nan, domin taushin nunin da ake yabon Laknau da shi, a zaurukansu aka rene shi.

Wadda muke gani a fim, ita ce ta ainihi?

Akwai jini ɗaya. Lachhu Maharaj, baffan Birju, ya daɗe a Bombay yana tsara rawa a finafinai, Birju ma ya yi, kuma irin finafinan nan ne suka cika sinimomin Kano da Kaduna da Jos tun shekarun 1960. Amma fim yana yanka hoto, yana ɗora sautin ƙararrawa daga baya, kuma fuska yake bi fiye da ƙafa. Wanda ke son ganin ta sosai ya nemi bidiyon Birju Maharaj ko Sitara Devi a dandali tare da mai tabla, ya riƙa ƙirga 16 da yatsunsa, ya ga inda ƙafar za ta sauka.