Ma'anar "Hashgaha Peratit": kulawar Ubangiji da gadin mala'iku a tafsirin Yahudawa

Idan Bayahude mai riƙo da addini ya makara, motar da ya so shiga ta tafi ta bar shi, daga baya ya ji ta yi hatsari, abin da zai fito daga bakinsa shi ne "hashgaha peratit". Kalmomi biyu ne na Ibrananci. Hashgaha na nufin sa ido, peratit kuma abin da ya keɓanta da mutum ɗaya. Wato Ubangiji yana kula da kowa shi kaɗansa, ba a dunƙule da sauran halitta ba. Tushen kalmar na cikin Zabura ta 33, inda aka ce daga mazauninsa yake duban dukan mazauna duniya. Har gobe, mai duba halaccin abinci a mayanka ko gidan cin abinci na Yahudawa mashgiyah ake kiransa, wato mai sa ido.

To ina mala'iku suka shigo? A Ibrananci mal'ak ɗan aike ne, kuma a kan wannan aka gina tafsirin duka. Ayar da aka fi kafa hujja da ita tana Zabura ta 91, aya ta 11: zai umarci mala'ikunsa su tsare ka a dukan hanyoyinka. Malaman Talmud, babban kundin shari'a da koyarwar malaman Yahudawa, sun ce daga nan aka san mala'iku biyu na rakiyar kowane mutum, kuma su ne za su ba da shaida a kansa. Wanda ya san maganar mu'aƙƙibat a Suratur Ra'ad ba zai ji wannan baƙon abu ba.

Inda abin ya fi burge ni shi ne mafarkin Annabi Yaƙub. Attaura ta ce ya ga tsani daga ƙasa zuwa sama, mala'iku "suna hawa suna sauka". Rashi, babban mai tafsirin da ya rayu a garin Troyes na Faransa daga 1040 zuwa 1105, ya tsaya a kan jerin kalmomin. Mala'iku ai a sama suke, me ya sa aka fara da hawa? Ya ce waɗanda suka rako Yaƙub a cikin ƙasa mai tsarki ba sa ƙetare iyakarta, sai suka hau, wasu suka sauko su karɓe shi zuwa garin Haran, inda ya nufa. Mutum ne ya gudo daga fushin ɗan'uwansa, ya yi matashi da dutse a daji, yana ganin ba shi da kowa, ashe masu gadi ne ke miƙa wa juna aiki a kansa. Haka kuma baƙi ukun da suka ziyarci Annabi Ibrahim: malamai sun ce mala'ika ɗaya ba ya ɗaukar aike biyu. Mika'ilu ya kawo wa Saratu bushara, Rafa'ilu ya warkar da Ibrahim, Jibrilu ya tafi kife Saduma.

Amma fa kan malaman bai haɗu ba game da iyakar wannan kulawa. Musa bin Maimun, wanda aka haifa a Ƙurɗuba ya rasu a Masar a 1204, ya yi doguwar magana a Dalalatul Ha'irin, littafin da ya rubuta da Larabci cikin haruffan Ibrananci. Kalmar inaya, wato kulawa, ya yi amfani da ita, har ya kawo ra'ayin Ash'ariyya da na Mu'utazila ya tattauna su. Shi a ganinsa kulawa ta musamman ta ɗan Adam ce, kuma tana ƙaruwa gwargwadon yadda hankalin mutum ya jingina da sanin Ubangiji. Ganyen da ya faɗo ko ƙudan da gizo-gizo ya kama, tsarin halitta ne ya bi da su. Shekaru ɗari biyar da ɗoriya bayansa, mabiyan Ba'al Shem Tob, wanda ya kafa tafarkin Hasidi, wata ɗariƙar Yahudawa, a gabashin Turai ya rasu a 1760, suka ɗauko daga malamin nasu cewa ko ganyen da iska ke juyawa da nufi ake juya shi. Suna da madogara a Talmud, inda aka ce mutum ba ya buge ɗan yatsansa a ƙasa sai an zartar daga sama. Wannan fahimtar ce ta fi yawo a bakin jama'a yau, kuma ni ma zuciyata ta fi karkata gare ta, ko da yake tambayar da Musa bin Maimun ya tattauna, ta me ya sa salihai ke shan wahala, ba ta tafi ko'ina ba.

Iyaka biyu malaman suka gindaya. Ba a dogara da mu'ujiza: Rabbi Yannai ya hana mutum tsayawa a wurin haɗari yana cewa za a cece shi. Kusan abin da mu ke cewa ne, Allah ya ce tashi in taimake ka. Sannan Talmud na Urushalima ya ce idan masifa ta zo kada a kira Mika'ilu ko Jibrilu, a kira Ubangiji kai tsaye zai amsa.

A cikin gida ake ganin yadda aƙidar ta zauna. Ranar Juma'a da dare, da shigar Asabar, in ji Talmud, mala'iku biyu ke rako mutum daga wurin ibada, na alheri da na sharri. In sun tarar an kunna fitila, an shirya teburi, an gyara gado, na alheri ya ce Allah ya maimaita a Asabar mai zuwa, na sharri ya ce amin ba da son ransa ba. Da lokacin barci kuma uwa ta zauna a bakin gadon ɗanta tana karanta masa addu'ar da Yaƙub ya yi wa jikokinsa, ta mala'ikan da ya fanshe shi daga kowane sharri. A littattafan addu'a da yawa sai a ƙara da cewa: Mika'ilu a damana, Jibrilu a haguna, Uriyel a gabana, Rafa'ilu a bayana, a bisa kaina kuma Shekina, halartar Ubangiji.