Tarukan Aspen da shirye-shiryenta na shugabanci: wa ke shiga, kuma ta wace ƙofa?

Tambayoyi ne da matasa ke yawan yi in sun ga sanarwar taro ko hoton wani an rubuta a ƙasa wai ya zama ɗan shirin shugabanci na wata cibiya a Amurka. Na ɗauki Aspen Institute a matsayin misali saboda ita ce ta haɗa abubuwan biyu sosai, tarukan jama'a da kuma horon shugabanni, amma zan riƙa taɓo wasu irinta a hanya.

Malam, wai ita wannan cibiyar mene ne aikinta, jami'a ce ko ma'aikatar gwamnati?

Ba ko ɗaya ba ɗan uwa. Ƙungiya ce mai zaman kanta wadda ba ta neman riba, aikinta tara mutane su tattauna manufofi, wato yadda ya kamata a tafiyar da ilimi, lafiya, tsaro, tattalin arziki, muhalli da sauransu, sannan ta rubuta rahotanni ta miƙa wa masu yanke hukunci. Hedikwatarta na Washinton, amma sunan daga wani ɗan gari ne a saman duwatsun jihar Kolorado, Aspen. Wani attajirin Shikago mai kamfanin kwali, Walter Paepcke, shi ya shirya wani babban taro a garin a 1949 don cikar shekara 200 da haihuwar marubucin Jamus Goethe, har shahararren likitan nan Albert Schweitzer ya zo, toh daga wannan taron ne cibiyar ta samo asali. Tunanin mutumin shi ne 'yan kasuwa da manyan ma'aikata sun iya lissafin riba amma ba sa samun lokacin zama su tambayi kansu mene ne adalci, mene ne al'umma ta gari, don haka a fitar da su daga ofis a zaunar da su da littafi.

Akwai irinta da yawa. Brookings a Washinton tun 1916, Chatham House a Landan tun 1920. Waɗancan sun fi ƙarfi a bincike da rahoto, Aspen kuma ta fi suna wajen tara mutane.

Waɗanne taruka ne ke tafe, kuma yaushe ake yinsu?

Manyan tarukan suna da lokacinsu da kusan ba ya canzawa duk shekara. Aspen Ideas Festival, wanda aka fara a 2005, ana yinsa a ƙarshen watan Yuni a garin Aspen, kusan mako guda, kuma yana da ɓangare na musamman a kan lafiya da ake gabatarwa dab da shi. A watan Yuli sai Aspen Security Forum, na harkar tsaro da siyasar duniya, nan ne zaka ga ministoci, janar-janar da shugabannin hukumomin leƙen asiri suna amsa tambayar 'yan jarida a gaban jama'a. A 2022 suka ƙara wani a kan sauyin yanayi, aka fara shi a Mayami. Tsakanin waɗannan kuma akwai ƙananan zama kusan duk mako, tattaunawa da marubuci, ƙaddamar da rahoto, muhawarar awa ɗaya ta intanet. Ainihin ranaku da sunayen masu magana suna fitowa a shafin cibiyar, kuma wanda ya sa imel ɗinsa a jerin wasiƙarsu ta labarai zai riƙa samun sanarwa kafin lokaci.

Brookings ma na da nata lokacin da ya shafi nahiyar Afirka, a farkon shekara suke fitar da rahotonsu mai suna Foresight Africa kuma su yi zama a kansa.

Kowa zai iya halarta ko sai mai hali?

Zuwa Aspen da ƙafarka kam sai mai hali, gaskiya ke nan. Tikitin babban taron na Yuni dubban daloli ne, garin kuma wurin hutun attajirai ne, otal ɗinsa da tsada, ga kuɗin jirgi ga biza. Suna ɗaukar nauyin wasu 'yan kaɗan da aka zaɓo su halarta kyauta, amma kaɗan ne idan aka kwatanta da masu so.

Sai dai abin da nake so mutane su gane, kuma shi ne ya fi damuna a wannan zancen, yawancin abin da ake faɗa a dandalin nan ana sa shi a YouTube kyauta, wasu ma kai tsaye ake nunawa, ƙananan tarukan intanet ɗin kuma rajista kawai zaka yi da suna da imel a turo maka hanyar shiga, ba wanda zai tambaye ka digiri ko ɗan wane ne kai, har akwatin rubuta tambaya ake buɗewa kuma mai gabatarwa yakan karanto ta ga baƙon. Wannan ƙofar a buɗe take wangale amma sai kaga ba a cika bi ta nan ba, kowa ya taru a bakin ƙaramar ƙofar shirin shugabanci da ke ɗaukar mutum kusan 20 a shekara. Ni a ganina an juya abin. Matashin da ya shafe shekara yana sauraron yadda masana ke gardama a kan bashin ƙasashe ko rigakafi ko makamashi, yana rubuta abin da ya ji, ya san wa ke cewa me, ya fi wanda ya tara takardun shaidar halarta amfani nesa ba kusa ba.

Ka lura da agogo dai. A lokacin tarukan Yuni da Yuli Kolorado na bayan agogon GMT da awa 6, Washinton kuma awa 4, don haka zaman yammacin can tsakar dare ne ga wanda ke gabas da su. In ya wuce ka bidiyon na nan.

Na sha jin ana cewa ƙa'idar Chatham House, ita kuma fa?

Ƙa'ida ce da cibiyar Landan ɗin ta kafa a 1927, yanzu ko'ina ana amfani da ita. In aka ce zama a ƙarƙashinta yake, kana da damar fita ka yi amfani da bayanin da ka ji, amma ba za ka faɗi wanda ya faɗa ba, ko inda yake aiki, ko sunan wani da ke wurin. An yi ta ne don jami'i ya iya faɗin ra'ayinsa ba tare da tsoron ganin sunansa a jarida gobe ba. Ba kowane taro ke bin ta ba ko a can ɗin, jawaban da 'yan takarar shugabancin Najeriya suka je suka yi, Muhammadu Buhari a Fabrairun 2015, Bola Tinubu a Disambar 2022, Peter Obi da Rabi'u Kwankwaso a Janairun 2023, duk a bainar jama'a aka yi su da kyamara. Mai gabatarwa kan faɗa tun farko wane iri ne zaman, ka saurara kafin ka ɗau waya ka fara wallafawa.

Toh shirin shugabancin, me ake koyarwa a ciki?

Mutane na zaton aji ne da malami a gaban allo yana koyar da dabarun mulki. Ba haka ba ne sam. Ana turo maka tarin rubuce-rubuce tun kafin ka zo, guntaye daga masana falsafa na dā irin su Aflatun da Aristotal da Konfushiyas har zuwa wasiƙar da Martin Luther King ya rubuta daga kurkukun Birmingham a 1963, ka karanta, sai ku zauna ku kusan 20 a kewayen tebur, mai jagorantar zaman ba ya lacca, tambaya kawai yake jefowa, me marubucin ke nufi, ka yarda da shi ko baka yarda ba, in ka yarda me ya sa a kamfaninka ko ofishinka baka yin haka. Salon ya samo asali ne daga masanin falsafa Mortimer Adler na Jami'ar Shikago. Wanda aka fi sani a cikin irin wannan zaman na kusan mako guda ne kuma biya ake yi, galibi kamfanoni ke biya wa manyan ma'aikatansu.

Mafi shahara a shirye-shiryen shi ne Henry Crown Fellowship da aka fara a 1997. Ana ɗaukar kusan mutum 20 a shekara, waɗanda sun riga sun yi nasara a sana'arsu, yawanci tsakanin shekara 30 zuwa 40 da wani abu, su haɗu sau 4 a cikin shekara 2, kuma kowannensu dole ya ɗauki wani aiki na al'umma ya kafa da hannunsa. Wannan sharaɗin na ƙarshe shi ne ya fi burge ni, don shi ke nuna ko karatun ya shiga jiki. Daga wannan shirin ne aka yi rassa a yankuna daban-daban, ciki har da Africa Leadership Initiative da aka fara a 2001, mai ɓangaren Afirka ta Yamma da ya haɗa Ghana da Najeriya, duka kuma suna ƙarƙashin inuwa ɗaya da ake kira Aspen Global Leadership Network.

Digiri dai babu. Abin da mutum ke fita da shi shi ne abokan da suka san shi ciki da waje, waɗanda zai iya kira shekara 10 bayan nan in yana cikin tsaka mai wuya su faɗa masa gaskiya.

Ni mace ce, ina aiki da wata ƙaramar ƙungiya ta lafiyar mata, ina da rabo a irin wannan?

Kina da shi 'yar uwa, amma ki zaɓi ƙofar da ta dace da ke. Henry Crown ba a cika masa fom, sai wani ya gabatar da sunan mutum, kuma ya fi karkata ga 'yan kasuwa. Wanda ya fi kusa da aikinki shi ne irin New Voices da Aspen ta fara a 2013 da tallafin gidauniyar Gates, don ƙwararru daga Afirka, Asiya da Latin Amurka masu aiki a fagen lafiya da abinci da ci gaba, ana koya musu rubuta ra'ayi a jarida da magana a rediyo da gaban taro, saboda an gaji da jin labarin matsalolin ƙasashe masu tasowa daga bakin waɗanda ba su taɓa zama a cikinsu ba. Chatham House ma ta buɗe makarantarta ta shugabanci a 2014, inda ake zaɓar mutum ya je Landan ya yi watanni yana bincike tare da masanan gidan, kuma akwai gurbin da gidauniyar Mo Ibrahim ta ɗauki nauyi don 'yan Afirka. Ki duba shafinsu ki ga wanda aka buɗe a shekarar.

Abin da masu tantancewa ke nema shi ne aikin da za a iya nunawa. Mata nawa kika kai wa, me ya canza, wa zai tsaya miki shaida. Ki fara ajiye waɗannan a rubuce tun yanzu, ki kuma riƙa rubuta ra'ayinki a inda za a gani, don mai gabatar da suna ba ya gabatar da wanda bai taɓa jin muryarsa ba.

Ba sa neman riba, toh ina suke samun kuɗin? Ba wata manufa a ɓoye?

Tambaya ce da ya kamata kowa ya yi. Kuɗin na zuwa daga gidauniyoyi, kamfanoni, attajirai, kuɗin tikiti, wani lokaci har gwamnatoci. A dokar harajin Amurka irin waɗannan ƙungiyoyi suna ƙarƙashin sashe na 501(c)(3), ba sa biyan harajin shiga, mai ba su gudummawa yana samun rangwame, a madadin haka an hana su goyon bayan ɗan takara, kuma dole su cika fom mai lamba 990 duk shekara wanda kowa zai iya dubawa ya ga kuɗin da ya shigo da albashin manyansu.

Amma dokar ba ta goge maganar nan ta Hausawa ba, wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A 2014 jaridar New York Times ta yi dogon bincike a kan yadda gwamnatocin waje irin su Katar da Norwe da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ke zuba miliyoyin daloli a cibiyoyin Washinton. Ita kanta Aspen an soke ta daga cikin gida, a 2015 ɗan jarida Anand Giridharadas, wanda ɗan shirin Henry Crown ne, ya tsaya a gaban 'yan uwansa ya ce musu a nan ana roƙon masu kuɗi su ƙara yin alheri amma ba a taɓa ce musu su rage cutarwa ba. Ina ganin ya faɗi gaskiya, kuma ina ganin abin yabo ne da aka bar shi ya faɗa a dandalinsu. Daga ɗaya ɓangaren ma ana sukarta, a Yulin 2025 ma'aikatar tsaron Amurka ta janye jami'anta daga taron tsaron nata tana cewa aƙidarsa ta saɓa da ta gwamnati. Don haka in kana kallon zama a kan makamashi ko magunguna, gangara ƙasan shafin ka ga tambarin waɗanda suka ɗauki nauyi, sannan ka lura da tambayar da ba a yi wa baƙon ba.

An turo min imel wai an zaɓe ni zuwa taro a Amurka, in biya kuɗin rajista da na otal. In biya?

Kar ka biya tukuna. Wannan damfarar ta daɗe, suna ɗaukar tambarin cibiya ta gaske su manna a wasiƙa, su ce za su yi maka biza da tikitin jirgi, kai dai ka tura kuɗin otal. Duba adireshin da imel ɗin ya fito, in Gmail ne ko Yahoo ko an sauya harafi ɗaya a sunan cibiyar, magana ta ƙare. Shiga shafin cibiyar da kanka, ba ta mahaɗin da suka turo ba, ka nemo taron a jerin tarukansu, in kana shakka ka rubuta musu ta adireshin da ke shafin. Cibiya ta gaske ba ta karɓar kuɗi ta asusun wani mutum, ba ta zaɓar wanda bai nema ba kuma ba wanda ya gabatar da shi, sannan ko wasiƙar gayyata ta gaske ce ba ta ba da biza, ofishin jakadancin Amurka ne kaɗai ke yanke wannan bayan ya yi hira da kai.