Waiwaye: Daga kwanon bara zuwa kashi 5 cikin 100

Tun zamanin da, ƙasar Hausa ta bai wa masu nakasa wani irin tsari: akwai Sarkin Makafi, Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, kowa da jama'arsa. Tsarin ya ba su murya a fada, amma sana'ar da jama'a ta fi danganta su da ita bara ce, duk da cewa makafi da dama sun yi fice a tufkar igiya da karatun Alƙur'ani.

A 1953 aka buɗe makarantar makafi a Gindiri, cikin Filato ta yau. Sai dai babban sauyi daga hannun masu lalurar kansu ya fito. A Kano, waɗanda shan-inna ta kama suka kafa ƙungiya, suka koyi walda, suna ƙera keken guragu mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu. Za ka tarar da mutum zaune a ƙasa, tabarau baƙi a ido, yana haɗa ƙarfe, yara masu ƙafa suna koyon aiki a wajensa. Babu wata doka da ta ba su wannan.

Doka ta zo a makare. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa a 2010, sai a Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna musu wariya. Ta ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, ta kuma ba da shekara biyar a gyara gine-gine. Wa'adin ya cika a 2024, amma har yanzu mai keke yakan isa ma'aikata ya tarar da matakala.

Waɗanda suka fi ba ni tausayi su ne masu lalurar otizim, wadda ke shafar magana da mu'amala da mutane, don tasu ba a ganinta da ido. Yaron da ba ya haɗa ido da mutane, ko ya makara wajen magana, sai a ce aljanu ne. A Denmak, Thorkil Sonne, wanda ɗansa ke da lalurar, ya kafa kamfanin Specialisterne a 2004, yana ɗaukar irinsu aikin gwada manhajar kwamfuta. Kamfanin manhaja na Jamus, SAP, ya bi sahu a 2013, Microsoft a 2015. Abin da suka fara gyarawa shi ne intabiyu: a ba mutum aiki a ga hannunsa, maimakon a auna shi da iya zance. Wannan kuwa mai shagon ɗinki ko gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano ma zai iya yinsa gobe, ba sai ya jira gwamnati ba.