Erwin Rommel

Erwin Rommel (1891–1944) janar ne na sojan Jamus wanda ya yi suna a Yaƙin Duniya na Biyu, musamman a hamadar Libiya da Masar. An haife shi a Heidenheim ranar 15 ga Nuwamba 1891, ya shiga soja a 1910. A Yaƙin Duniya na Ɗaya ya yi yaƙi a Faransa da Romaniya da Italiya, kuma bajintarsa a yaƙin Caporetto na 1917 ta sa aka ba shi lambar yabo ta jarumta mai suna Pour le Mérite.

A Fabrairun 1940 aka ba shi runduna ta 7 ta tankokin yaƙi. A mamayar da Jamus ta kai wa Faransa, ya tsallake kogin Meuse a Dinant ta ƙasar Beljiyam ranar 13 ga Mayu, yana kutsawa da saurin da ya sa wani lokaci hedikwatarsa ma ba ta san inda yake ba. Da tankokin Matilda na Ingila suka far masa a Arras ranar 21 ga Mayu, harsashin ƙananan igwoyinsa ya kasa huda sulkensu, sai aka juyo musu da bindigogin kakkaɓo jirage masu bakin milimita 88. Wannan bindiga ce ta zama abin dogaronsa a hamada: tankokinsa su yi kamar suna gudu, abokan gaba su biyo, su faɗa bakin bindigogin da aka girke a ɓoye.

Ya sauka Tarabulus ranar 12 ga Fabrairu 1941 don ya tallafi Italiyawa. Umarnin da aka ba shi na tsaro ne, amma kafin ƙarshen Maris ya kai hari, a Afrilu ya yi wa garin Tobruk da ke hannun Ingilishi ƙawanya. Garin bai faɗi ba sai 21 ga Yuni 1942, bayan yaƙin Gazala, inda aka kama fursunoni sama da 30,000. Nan take Hitler ya naɗa shi fil mashal. Laƙabinsa na Jamusanci, Wüstenfuchs, yana nufin yanyawar hamada. A wurin Bature ita ke riƙe da matsayin da dila yake da shi a wurin Bahaushe.

Abin da ya karya shi kayan aiki ne. Daga Tarabulus zuwa fagen daga na El Alamein a Masar ya haura kilomita 2,000 a kan titi guda da ke bin gaɓar teku, kuma motocin dakon mai suna ƙone kaso mai yawa na man da suka ɗauko kafin su isa. Tashoshin jiragen ruwa na Bengazi da Tobruk sun fi kusa amma ƙanana ne. A teku kuma, Ingilishi suna karanta saƙonnin sirri na Jamus da Italiya, jiragensu da ke tsibirin Malta suna nutsar da jiragen ruwan dakon. Su kuwa Ingilishi har ta Yammacin Afirka suke samun jiragen sama: a haɗa su a Takoradi da ke Ghana ta yau, su bi ta Legas da Kano da Maiduguri da Fort-Lamy (N'Djamena ta yau) da Khartum zuwa Masar.

A El Alamein babu inda zai zagaya, domin teku na arewa, kwarin Qattara da motoci ba sa iya bi na kudu, tsakaninsu kilomita 60 ne kacal. Montgomery, kwamandan Ingilishi, ya fara hari ranar 23 ga Oktoba 1942 Rommel yana jinya a Turai. Ya dawo ranar 25, Hitler ya ce kada ya ja da baya, amma ranar 4 ga Nuwamba ya janye, bai tsaya sosai ba sai Tunisiya. Ya bar Afirka a Maris 1943.

Daga baya aka tura shi Faransa, inda ya kula da tsaron gaɓar teku don hana sojojin ƙawance sauka, ya sa aka dasa miliyoyin nakiyoyi. Ya so a ajiye tankoki dab da bakin ruwa, saboda ya ga yadda jiragen sama ke hana runduna motsi da rana. Rundstedt, babban kwamandan Jamus a Yammacin Turai, ya fi son a tara su can baya. Ranar 6 ga Yuni 1944 da sojojin ƙawance suka sauka Normandi, yana gida a Jamus. Jirgin sama ya harbi motarsa ranar 17 ga Yuli ya ji rauni mai tsanani. Bayan yunƙurin kashe Hitler na 20 ga Yuli sunansa ya fito a bincike. Ranar 14 ga Oktoba janar biyu suka same shi a Herrlingen da zaɓi: kotu ko guba. Ya sha gubar, aka sanar cewa ciwon da ya biyo bayan rauninsa ne ya kashe shi, aka yi masa jana'izar ƙasa a Ulm.