Waiwaye: Howard Jones, daga ƙungiya zuwa ƙungiya

A watan Janairun 2012 ƙungiyar mawaƙa ta Killswitch Engage ta sanar da cewa mawaƙinta Howard Jones ya bar ta, bayan kusan shekara 10 yana riƙe mata makirufo. A lokacin ba a yi wani dogon bayani ba, don haka masoya suka yi ta raɗe-raɗi. Sai daga baya shi da bakinsa ya faɗi abin da ke cinsa: ciwon suga ne da ya yi sakaci da shi, ga kuma ciwon damuwa da ya daɗe yana ɓoyewa. Ya ce akwai lokacin da sugan ya kayar da shi har ya yi kwana uku a dogon suma.

An haife shi a 1970 a Columbus ta jihar Ohio a Amurka. Baƙar fata ne, a fagen da kusan duk mawaƙansa Turawa ne. Salon nasa, wanda ake kira metalcore, gamin gambiza ne na kiɗan metal da hardcore: jita mai ƙara, ganga kamar ruwan ƙanƙara a kan kwano, mawaƙi kuma yana kururuwa daga maƙogwaro. Da wannan kururuwar aka fara saninsa a ƙungiyar Blood Has Been Shed ta jihar Connecticut, wadda ta fitar da kundi uku tsakanin 1999 da 2003.

A 2002 Jesse Leach, mawaƙin Killswitch Engage na farko, ya fice daga ƙungiyar ba zato ba tsammani, aka ɗauki Jones ya maye gurbinsa. Nan ne baiwarsa ta fito fili. Mutum ne da zai yi ruri kamar zaki a baiti ɗaya, a amshi kuma ya saki murya mai kauri, tas, wadda ko wanda bai saba da wannan kiɗan ba sai ya tsaya ya saurara. Ni a ganina wannan muryar ce ta fito da metalcore daga ƙananan ɗakunan rawa zuwa gidajen rediyo. Kundin The End of Heartache na 2004 ya kai su ga shiga takarar kyautar Grammy, wasu kundaye biyu suka biyo baya a 2006 da 2009.

Da Jones ya tafi, Leach ya dawo kujerarsa. Jones kuwa, da ya ɗan farfaɗo, ya haɗa kai da makaɗin jita Francesco Artusato da mai ganga John Sankey suka kafa Devil You Know. Kundi biyu suka yi, a 2014 da 2015. Bayan rabuwa da Sankey aka samu saɓani kan sunan, shi ya sa a 2017 suka koma Light the Torch. A 2021 kuma ya fitar da wani kundin tare da makaɗin jita Jared Dines da sunan SION.

Abin da ya fi taɓa min zuciya shi ne tsakaninsa da Leach. Shekara da shekaru masoya suna musun wa ya fi wani, alhali su biyun sun zama aminai, kuma kowannensu ya fito ya yi maganar fama da damuwa ba tare da jin kunya ba. A 2019 suka rera waƙar The Signal Fire tare. A rangadin 2022 kuwa, Light the Torch ce ke buɗe wa Killswitch Engage fage, can wajen ƙarshen wasa sai Jones ya sake hawowa dandamali, su biyun su karɓa wa juna baiti.