Zane a littafin yara: amsoshin tambayoyin da ba sa ƙarewa

Tambayoyin nan su ne dai kullum, daga iyaye, daga malaman firamare, daga masu son rubuta wa yara littafi. Na tara su wuri guda. Don Allah a karanta kafin a sake turo mini.

Dole ne littafin yara ya zo da zane?

Ga ɗan shekara 3 zuwa 7, dole ne. Kai kana bin rubutu, shi yana bin hoto. In babu hoton, ka bar shi ba abin yi sai kallon bakinka.

Zan iya ɗauko hotuna daga intanet in liƙa?

A'a. Suna da masu su. Kuma yawancinsu ƙanana ne, a waya su yi kyau, a takarda su fashe; maɗaba'a tana son hoto mai 300 dpi, wato ɗigo 300 a kowane inci. Ga shi yarinyar shafi na 2 ba za ta yi kama da ta shafi na 9 ba, yaro kuwa nan take zai ce maka ba ita ba ce. In kuɗi ne babu, shafukan intanet na African Storybook da StoryWeaver suna da littattafai na kyauta, har da na Hausa. Karanta sharaɗin amfani, ka bar sunan mai zanen a inda yake.

Na rubuta "Gizo ya shiga gona", an zana Gizo yana shiga gona. Ba shi ke nan ba?

Ka biya kuɗi an maimaita maka jimlarka. Zane mai rai yana faɗin abin da rubutu ya yi shiru a kai. Rubutu ya ce: "Gizo ya rantse wa Ƙoƙi bai taɓa gyaɗar ba." A zanen, hannunsa ɗaya na ɓoye a baya, ɓawon gyaɗa na zuba ta ƙasan rigarsa. Ba ka kai ƙarshen layi ba yaro ya dangwala yatsa yana cewa, "Ƙarya yake!" Ya riga ka gano wani abu, kuma wannan daɗin ne ke sa ya ce a sake. Haka wurin juya shafi: a bar jelar kura kaɗai ta leƙo a gefen dama, sauran jikinta sai an buɗe. Marubuci ya rage surutu. In za a zana riga ja, ba sai ka rubuta cewa ja ce ba.

Shafi nawa?

An fi yin 32. Ana yin 24 ko 16. Babbar takarda ake ninkewa ta ba da shafi 8 ko 16, shi ya sa. Kada a sa fuska ko rubutu a tsakiya inda za a ɗinke.

Hoto ba zai hana yaro koyon karatu ba?

Hajiya, kwantar da hankalinki. Littafin labari ba ya hana komai, kalmomi ma yake ƙara masa. In kin ga yana cankar kalma daga hoto lokacin koyon haɗa baƙi, rufe hoton da tafin hannu har ya karanta layin, sannan ki buɗe.

Littafin na 'yan Islamiyya ne, shugaban makaranta ya ce ba ya son zanen mai rai. Yaya zan yi?

Wannan ba ta da amsa guda, kuma fatawa ta malamai ce. Abin da ke sananne shi ne akwai hadisai masu tsanani a kan masu yin surar abu mai rai, kuma malamai sun saɓa wajen fahimtar iyakarsu. Da yawa daga malaman Malikiyya sun taƙaita haramcin ga mutum-mutumi mai inuwa, mai cikakken jiki, suka sassauta a kan zanen takarda. Wasu sun haɗa duka. Wasu kuma sun yi rangwame ga abin da aka yi don yara, suna kafa hujja da hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito cewa Nana A'isha (RA) tana wasa da 'yan tsana a gidan Manzon Allah (SAW). Don haka kada ka shiga musu da shugaban makaranta. Tambaye shi a fili: me ya yarda da shi? Sau da yawa za ka tarar fuska ce matsalarsa, wani lokaci ido kawai.

In ya ce a bar fuska fayau, to ka sani ka rasa babban abu, domin a fuska ƙaramin yaro ke fara gane fushi da tsoro da murna. Amma mai zane da ya iya aikinsa zai mayar da nauyin kan jiki. Yaron da ya fasa randa: kafaɗu a zube, kai a sunkuye, babban yatsan ƙafa na tonon ƙasa, ruwa na malala zuwa tabarma. Ba wanda zai tambayi halin da yake ciki. Ana iya nuna mutane ta baya, ko daga nesa, ko hannuwa kawai a kan allo. In kuma ya ce ko dabba ba ya so, ina ganin gara ka sauya irin littafin: na ƙirga, na launuka, na kayan kasuwa, na matakan alwala da buta da ruwa. Tatsuniyar Gizo babu Gizo a zane ba za ta yiwu ba. Wataƙila ka buga iri biyu in aljihu zai ɗauka, ko da yake hakan kusan ninka aikin zane ne. Ko ma wanne ka zaɓa, a yanke shi kafin mai zane ya ɗora alƙalami. Annabawa da sahabbai kuwa ba a zana su, wannan babu ja a kai a wurinmu.

Mai zanen ba Bahaushe ba ne, akwai matsala?

Babu, in zai duba da idonsa. Matsalar ita ce marubucin da ya karɓi zane bai bincika ba. Yaro na cin tuwo da hagu, uwa ta goya ɗa kamar jakar makaranta, gida da bututun hayaƙi a rufi irin na Turai, kuma kai ka sa hannu aka buga! Tura masa hotunan zaure, murhu, ɗaurin ɗankwali, adaidaita sahu. Kuma ku daina mayar da kowane yaron Arewa cikin bukka da tsumma. Akwai 'yan birni, akwai masu zuwa boko da safe, Islamiyya da yamma. Su ma suna son ganin kansu.

Kullum littafi ɗaya yarona yake kawowa, lafiya?

Lafiya lau. Kowane zagaye akwai abin da yake ganowa. Tambaye shi, "Ina kazar ta tafi?" ki ji.

Sai na sa sunan mai zane a bango?

Sosai. Kusa da naka, da haruffa masu girma iri ɗaya. Kuma ku rubuta yarjejeniya tun farko: zane nawa, gyara sau nawa, kuɗi nawa, da wanda ya mallaki zanen in za a sake bugu.