Kwarjinin Manaja a Wurin Aiki

Kwarjinin manaja shi ne tasirin da shugaban ma'aikata yake yi a zukatan na ƙasa da shi ta hanyar natsuwarsa da kuzarinsa da yadda yake nuna ya san abin da yake yi, har su saurare shi su bi shi ba don tsoron takardar gargaɗi ko yankan albashi ba. Ana ganin sa a murya da tsayuwa, da kuma yadda mutum ke yanke shawara idan al'amari ya rikice. Masana harkar gudanarwa da na halayyar ɗan Adam sun daɗe suna nazarin sa. Bincikensu ya nuna ana iya koyon sa, ya kuma nuna yana iya ruɗar mutane, har da mai shi.

Asalin nazarin

Masanin zamantakewa ɗan ƙasar Jamus, Max Weber, wanda ya rasu a 1920, ya kasa iko gida uku. Akwai wanda aka gada bisa al'ada, kamar sarauta. Akwai wanda doka da muƙami suka bayar, kamar na babban sakataren ma'aikatar gwamnati. Na ukun shi ne wanda mutum ke samu don mabiya sun yarda yana da wata baiwa da sauran jama'a ba su da ita. Weber ya ja hankali cewa wannan na ukun a hannun mabiya yake: su suke ba da shi, kuma idan shugaba ya daɗe bai kawo musu nasara ba sai su janye abinsu.

Weber ya fi magana a kan jagororin addini da na yaƙi da na siyasa. A 1977 masanin gudanarwa Robert House ya shigo da batun cikin ofis da masana'anta. Bayan shekara goma, Jay Conger da Rabindra Kanungo na Jami'ar McGill ta Kanada suka bayyana cewa kwarjini hukunci ne da ma'aikata ke yankewa bisa ɗabi'un da suka gani da idonsu: shugaba ya faɗi inda aka dosa a fili, ya yarda ya yi asara da kansa saboda manufar, ya lura da buƙatun mutanensa, ya iya kauce wa hanyar da aka saba idan ta daina aiki.

Yadda ma'aikata ke karanta manaja

Mutane ba sa ɗaukar lokaci kafin su auna shugaba. A 1993 Nalini Ambady da Robert Rosenthal na Jami'ar Harvard sun nuna wa wasu mutane bidiyon malamai suna koyarwa, na daƙiƙa 30 kacal, ba tare da sauti ba. Makin da waɗannan baƙi suka bai wa malaman ya zo kusa da wanda ɗalibansu suka ba su bayan sun shafe zango guda a aji tare.

Yanayin da mutum ya shigo da shi ma yakan yaɗu. Sigal Barsade ta gwada haka a wani bincike da aka buga a 2002. Ta sa wani ɗan wasan kwaikwayo cikin rukunin ɗalibai da aka ba aikin raba kuɗin alawus ga ma'aikata, ba tare da sun san an shirya shi ba. Inda ya shiga da fara'a, haɗin kai ya ƙaru, gardama ta ragu. Labarin zuciya a tambayi fuska, fuskar oga kuwa ita ce aka fi tambaya a kowane ofis.

Wannan ya fi fitowa ranar da abu ya ɓaci. A ce albashi ya makara a wata masana'anta, ma'aikata sun taru a bakin ofishin akanta suna ƙorafi. Wani manajan zai kulle ƙofa ya turo masinja ya ce a yi haƙuri. Wani kuma zai fito ya tsaya a tsakiyarsu, ya gaishe su, ya faɗi dalilin jinkirin, ya faɗi matakin da ya ɗauka da ranar da zai dawo musu da bayani, sannan ya tsaya ya amsa tambaya ko da mai zafi ce. Na biyun bai fi na farko kuɗi a asusu ba, amma ma'aikatansa za su koma bakin inji. Idan ranar ta zo ya cika alkawari, maganarsa ta gaba za ta yi nauyi. Idan ya saɓa, tsayuwar da ya yi ta tashi a banza.

Abin da ake koyo da abin da aka zuzuta

John Antonakis na Jami'ar Lausanne ta ƙasar Suwizalan da abokan aikinsa sun horar da manajoji kan dabaru 12, suka buga sakamakon a 2011. Tara daga ciki na magana ne, kamar kawo misali da labari, jefa tambayar da ke sa mai sauraro tunani, faɗin abin da ke ran jama'a, sa buri mai tsawo tare da nuna tabbacin za a kai gare shi. Ukun da suka rage su ne sarrafa murya, yanayin fuska da motsin hannu. Bayan wata uku, abokan aikin waɗanda aka horar sun ƙara musu maki a matsayin shugabanni.

Akwai kuma abubuwan da masu shirya bita ke maimaitawa waɗanda ba su da ƙarfin da ake ba su. Ɗaya shi ne cewa kalmomi kashi 7 ne kawai cikin 100 na saƙo, murya 38, fuska 55. Alƙaluman sun fito ne daga gwajin Albert Mehrabian na 1967, inda aka yi amfani da kalma ɗaya tak don auna ko mai magana yana son wanda yake wa magana ko ba ya so. Shi kansa ya yi gargaɗin kada a faɗaɗa su zuwa kowace irin magana. Ɗayan kuma shi ne binciken 2010 na Dana Carney da Amy Cuddy da Andy Yap, wanda ya ce tsayuwar buɗe ƙirji ta minti biyu tana sauya sinadaran jiki masu alaƙa da ƙarfin hali da damuwa. Mutum 42 aka gwada. Da Eva Ranehill ta maimaita gwajin da mutum 200 a 2015, ba ta ga sauyi a sinadaran ba, sai dai mutanen sun ce sun ji ƙarfi a ransu. A 2016 Carney ta fito ta ce ba ta ƙara yarda da sakamakon farko ba.

Inda kwarjini ke cutarwa

Babbar matsalar ita ce jama'a na ɗaukar ƙarfin murya a matsayin sani. Cameron Anderson da Gavin Kilduff sun ba rukunonin ɗalibai lissafi su warware tare, a binciken da aka buga a 2009. Masu saurin kankane magana su aka fi yi wa kallon gwanaye, alhali amsoshinsu ba su fi na sauran daidai ba. Sun dai riga kowa buɗe baki, kuma mafi yawan lokuta amsar da aka fara faɗa ita rukunin ke ɗauka.

Harkar jiragen sama ta ga ƙarshen wannan hali a ranar 27 ga Maris, 1977, a tsibirin Tenerife na ƙasar Sifaniya. Jirage biyu ƙirar Boeing 747, na kamfanin KLM da na Pan Am, suna kan titin jirgi ɗaya cikin hazo mai kauri. Kyaftin ɗin KLM, Jacob Veldhuyzen van Zanten, shi ne shugaban masu horar da matuƙan irin wannan jirgi a kamfaninsa, har hotonsa ake sawa a talla. Ya fara gudun tashi yana zaton hasumiyar kula da zirga-zirgar jirage ta ba shi izini. Injiniyan jirgin ya tambaya ko na Pan Am ya sauka daga titin, kyaftin ya amsa da ƙarfi cewa ya sauka, ba wanda ya sake magana. Mutum 583 suka mutu. Dalilan hatsarin suna da yawa, ciki har da hazon da cin karon saƙonnin rediyo, amma masu bincike sun lura da yadda girman kyaftin ya sa na ƙasa da shi suka kasa nacewa. Wannan hatsari da wasu irinsa suka haifar da horon da ake bai wa matuƙa a yau, wanda kamfanin United Airlines ya fara a 1981, inda ake koya wa mataimaki ya faɗi damuwarsa kai tsaye, ake kuma koya wa kyaftin ya nemi a faɗa masa.

A fagen kasuwanci, Elizabeth Holmes ta kafa kamfanin Theranos a 2003 tana da shekara 19, da alkawarin yin gwaje-gwaje masu yawa da ɗigon jini daga ɗan yatsa. Tabbacin da take magana da shi ya jawo manyan mutane irin su tsofaffin sakatarorin harkokin wajen Amurka Henry Kissinger da George Shultz cikin hukumar kamfanin, darajarsa ta kai dala biliyan 9 a 2014. Na'urar ba ta yin abin da aka ce tana yi. A 2022 kotu a Amurka ta same ta da laifin damfarar masu zuba jari, aka yanke mata ɗaurin fiye da shekara 11. Fankan-fankan dai ba shi ne kilishi ba.

Ko inda babu yaudara, yawan kwarjini ba lallai ya zama alheri ba. Jasmine Vergauwe ta Jami'ar Ghent da abokan aikinta sun gano a 2018 cewa ingancin shugaba yana ƙaruwa da kwarjininsa zuwa wani mataki, daga nan sai ya fara raguwa, domin masu yawan kwarjini sukan yi ƙarfi wajen tsara buri su yi sakaci da aikin yau da kullum. Jim Collins, wanda ya tace kamfanoni 1,435 ya fitar da 11 da suka yi fice na dogon lokaci, ya ruwaito a 2001 cewa shugabanninsu galibi masu kawaici ne da naci, irin Darwin Smith da ya riƙe kamfanin takarda na Kimberly-Clark shekara 20 daga 1971.

Bambancin al'ada da jinsi

Yawancin littattafan horar da manajoji an rubuta su ne a Amurka da Turai, inda ake ɗaukar kallon ido cikin ido da saurin magana alamar yarda da kai. A ƙasar Hausa sau da yawa akasin haka ne. Babba ba ya ɗaga murya, ba ya gaggawa, kuma yaro mai ladabi yakan sunkuyar da kai idan na gaba yana magana. Halayen mutumin kirki da Anthony Kirk-Greene ya tattara daga Hausawa a 1974 sun haɗa da gaskiya, amana, haƙuri, hankali, kunya da mutunci. Manajan da ya shigo yana faɗa da buga tebur yana iya samun shiru, amma za a ce ba shi da natsuwa. Sai dai ladabin nan yana da nasa haɗarin, domin "to, ranka ya daɗe" tana iya fitowa daga bakin wanda ya ga kuskure ƙarara. Shi ya sa manajan da ya san jama'arsa yakan fara jin ta bakin ƙananan ma'aikata kafin ya faɗi ra'ayinsa, ko ya kira mutum gefe bayan an tashi taro.

Mata manajoji suna fuskantar wani ma'aunin na daban. Alice Eagly da Steven Karau sun bayyana a 2002 cewa halayen da ake nema a wurin shugaba sun yi karo da waɗanda al'umma ke sa ran gani a wurin mace. Idan ta yi magana da tabbaci a ce ta cika zafi, idan ta sassauta a ce ba za ta iya riƙe ma'aikata ba. Saboda haka wasu kamfanoni ke rubuta sharuɗɗan ƙarin girma tun kafin a ga masu nema, su kuma yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya a zaman tantancewa.